Na Daina Shan Tiramol, Amma Daɗin Komai Ya Fita Daga Raina

Wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu a Kano ne ya aiko da wannan wasiƙa, kuma ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Shekara 3 da suka wuce na yi haɗari na karye a ƙafa, aka rubuta mini tiramol a asibiti saboda ciwo. Bayan na warke sai na ci gaba da saye a kyamis, domin yana sa ni in yi aiki tun asuba har dare ban gaji ba. A hankali na koma shan mai 225, har guda 4 a rana. Wata rana na yanke jiki na faɗi ina shure-shure kamar mai farfaɗiya, shi ne tsoro ya kama ni na daina. A makon farko na sha wuya, ga gudawa, ga gumi, ga ciwon gaɓoɓi, amma wannan ya wuce. Yanzu mako 6 ke nan rabona da ƙwaya, sai dai ba na jin daɗin komai. Abinci ba ya yi mini ɗanɗano, 'yata tana yi mini wasa ba na jin komai a zuciyata, ciwon ƙafar ya dawo, barci ba ya zuwa, kuma ba na sha'awar iyalina. Matata ba ta san na sha ƙwaya ba, tana zaton sammu aka yi mini ko kuma wata nake nema. Wani abokina ya ce in riƙa shan rabi kawai don in dawo daidai. Shin ƙwaƙwalwata ta lalace ke nan har abada? Kuma in sha rabin?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara maka lafiya, ya kuma tabbatar da kai a kan wannan niyya. Zan fara ba ka amsar tambayoyinka biyu kai tsaye kafin in shiga bayani. Kada ka sha rabin, ko da sau ɗaya ne. Ƙwaƙwalwarka kuma ba ta lalace har abada ba. Halin da kake ciki sananne ne a wurin likitocin da ke kula da masu barin shaye-shaye, yana da dalili a cikin jiki, kuma a wurin mafi yawan mutane yana sauƙi da tafiyar lokaci. Ina so ka fahimci dalilin sosai, domin wanda ya san abin da ke faruwa a jikinsa ya fi ƙarfin jure shi a kan wanda yake zaton hauka ce ke shirin kama shi.

Tun kafin ka taɓa sa ƙwayar tiramol a bakinka, jikinka yana da nasa maganin kashe ciwo wanda Allah ya halitta masa. Mutane sun yi dubban shekaru suna amfani da tsiron ofiyom, wanda daga cikinsa ake fitar da magungunan kashe ciwo masu suna mofin da kodin, ba tare da sun san ta inda yake aiki ba. Sai a shekarar 1973 masu bincike suka gano cewa a jikin ƙwayoyin halittar ƙwaƙwalwa akwai wasu gurabe na musamman da mofin ke maƙalewa a cikinsu. Candace Pert da Solomon Snyder na jami'ar Johns Hopkins a Amurka suna cikin waɗanda suka gano haka, kuma a shekarar ce Eric Simon a Niu Yok da Lars Terenius a ƙasar Suwidin suka kai ga irin wannan sakamako. Nan take tambaya ta taso: me zai sa a halicci ƙwaƙwalwar mutum da gurbin da ya dace da sinadarin wani tsiro? Amsar ta zo a 1975, lokacin da John Hughes da Hans Kosterlitz a birnin Aberdeen na Sukotlan suka tace wasu sinadarai guda biyu daga ƙwaƙwalwar dabba, waɗanda ke shiga waɗannan gurabe su yi aiki irin na mofin, aka sa musu suna enkefalin. A 1976 Choh Hao Li a Kalifoniya ya fitar da wani mai suna beta-endofin, kuma daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙasan ƙwaƙwalwar raƙumi ya samo shi. A 1979 Avram Goldstein ya gano dainofin. Su ma guraben an gane cewa manyansu iri 3 ne, ana kiransu miyu da delta da kappa. Wato guraben nan ba domin ƙwaya aka yi su ba, suna da masu su tun asali, ƙwayar shigar burtu kawai take yi musu.

Aikin farko da aka sani na waɗannan sinadarai shi ne rage raɗaɗi. Idan ƙafa ta ji rauni, saƙon ciwo yana bi ta jijiya ya shiga lakar baya, daga nan ya haura zuwa ƙwaƙwalwa. To, akwai wata hanya da ke gangarowa daga tsakiyar ƙwaƙwalwa zuwa lakar, wadda idan ta motsa sai a saki enkefalin da endofin su rage ƙarfin saƙon kafin ya isa sama. Mai yiwuwa ka ga wannan da kanka ranar da ka yi haɗari, domin mutane da yawa sukan tashi daga ƙarƙashin mota su yi magana, su nemi wayarsu, har su tambayi lafiyar fasinja, ba su ji zafin karayar ba sai bayan hankali ya kwanta. Wani likitan Amurka mai suna Henry Beecher ya lura da haka a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya ga sojoji masu munanan raunuka, amma mafi yawansu ba su nemi allurar kashe ciwo ba, ya kuma rubuta wannan a 1946. Haka nan endofin yana ƙaruwa a jinin mace lokacin naƙuda. A 1978 kuma wasu likitoci a San Faransisko suka bai wa waɗanda aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta, wasu daga cikinsu suka samu sauƙi saboda sun yi imani an ba su magani, amma da aka yi musu allurar nalokson, wadda ke toshe guraben nan, sai ciwon ya ƙaru. Wannan ya nuna cewa sa rai da kwanciyar hankali suna iya sa jiki ya saki nasa maganin, ba zato kawai ba ne a zuci.

Sai dai abin da ya fi shafar wasiƙarka shi ne aikinsu na biyu, wato jin daɗi. Kent Berridge na jami'ar Mishigan ya shafe shekaru yana nazarin yadda ɓeraye ke lashe baki idan aka ɗiga musu ruwan sukari, kuma ya nuna cewa son abu daban, jin daɗinsa daban. Kwaɗayi da ɗoki da abin da ke tayar da mutum ya nemi abu, wannan galibi aikin wani sinadari ne mai suna dofamin. Amma gamsuwar da ake ji idan lomar tuwo mai zafi ta shiga baki, ko idan mai azumi ya kurɓi ruwan sanyi da magariba, a nan sinadaran da muke magana a kansu suna da babban hannu, ta wasu 'yan ƙananan wurare a cikin ƙwaƙwalwa. Saboda haka harshenka lafiya yake, girkin matarka ma bai canza ba. Ɓangaren da ke mayar da ɗanɗano ya zama daɗi ne ya yi rauni. Wannan rabuwa tsakanin so da daɗi ita ce kuma ta sa mai shaye-shaye yakan kai matsayin da ƙwayar ta daina yi masa daɗi ko kaɗan, amma ransa bai daina nemanta ba. Ina zaton ka san wannan matsayi, domin wanda ya kai guda 4 a rana yawanci ba ya shanta don nishaɗi, yana sha ne don ya iya miƙewa.

Maganar 'yarka ce ta fi taɓa ni, kuma na fahimci ita ce ta fi ba ka tsoro, domin uba yakan tuhumi kansa da ƙeƙashewar zuciya idan 'yarsa ta hau cinyarsa tana dariya shi kuwa bai ji komai ba. Ka saurari wannan. A ƙarshen shekarun 1970 wani masani mai suna Jaak Panksepp ya lura cewa 'yan kwikwiyo da 'yan tsaki suna kuka idan aka raba su da uwarsu ko 'yan uwansu, amma idan aka ba su mofin ɗan kaɗan sai kukan ya ragu sosai. Daga nan ya kawo ra'ayin cewa natsuwar da jariri ke samu a jikin uwarsa tana bi ne ta wannan tsari na kashe ciwo, kuma zafin rabuwa da masoyi yana da dangantaka da zafin rauni. A 2004 wani bincike ya ƙarfafa wannan, inda aka ga 'ya'yan ɓeraye da aka haifa ba su da gurbin miyu ba sa kukan neman uwarsu kamar yadda sauran ke yi. Ɗumin da mutum ke ji a ƙirjinsa idan ya rungumi ɗansa yana bi ta guraben da tiramol ya shafe shekara 3 yana danne wa. Ƙaunar 'yarka tana nan, shaidar kuwa ita ce damuwar da ka yi har ka ɗauki alƙalami. Abin da ya dushe shi ne jin ta a jiki, kuma wannan yana cikin abubuwan da ke dawowa.

Yanzu sai mu dubi abin da ƙwayar ta yi. Wani kamfani a Jamus ne ya haɗa tiramadol, wato ainihin sunan tiramol, a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 a matsayin maganin ciwo, kuma idan likita ya rubuta shi na ɗan lokaci yana da amfani. Idan ya shiga jiki, hanta tana juya shi zuwa wani sinadari da ke kama gurbin miyu da ƙarfi fiye da shi kansa tiramadol ɗin. Ban da haka yana ƙara yawan wasu sinadarai biyu a ƙwaƙwalwa, serotonin da noradirenalin, kuma wannan ne ya sa leburori da masu tuƙi da manoma suke jin kamar ya ƙara musu ƙarfi. Ba ƙarfi yake ƙarawa ba, gajiyar yake ɓoyewa, jiki kuwa yana ci gaba da jigata. Iyakar abin da ake bai wa babban mutum a rana shi ne miligiram 400, kuma hukumar NAFDAC mai 50 da mai 100 kawai ta amince da su. Kai kana shan 900 a rana, wato fiye da ninki biyu na iyakar. Faɗuwa da shure-shure irin na farfaɗiya sanannen sakamako ne na tiramol idan ya yi yawa, don haka abin da ya same ka ba bugun aljanu ba ne. Ka gode wa Allah da abin bai same ka a kan titi da fasinja a baya ba.

Jiki ba ya zuba ido ana yi masa haka. Sinadaran da yake fitarwa da kansa kaɗan-kaɗan suke fita, a wurin da ake buƙata, a lokacin da ake buƙata, kuma nan da nan ake rushe su. Ƙwaya kuwa tana cika dukkan guraben lokaci ɗaya, ta daɗe a cikinsu, gobe ma a sake. Ka dubi mai aiki a wurin injin niƙa: idan ya wuni cikin ƙarar injin, kunnuwansa sukan dushe, har idan ya koma gida aka yi masa magana a hankali ba ya ji sosai sai bayan wani lokaci. Haka guraben suke yi, suna rage saurin amsawa, wasu ma a janye su zuwa cikin ƙwayar halitta, shi ya sa guda ɗaya ta daina isar ka, ka koma biyu, ka koma huɗu. A lokaci guda ƙwaƙwalwa tana ƙara ƙarfin ɓangarorin da ƙwayar ke dannewa domin ta samu daidaito. Akwai wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ke fitar da noradirenalin, wanda ke tsayar da jiki cikin shiri, kuma ƙwayar tana danne shi kullum. Ranar da ka daina sha, sai dannewar ta kau, wurin ya ɓalle da aiki, gumi da faɗuwar gaba da hamma da tsayuwar tsigar jiki suka biyo baya. Hanji ma yana da irin waɗannan gurabe, shi ya sa mai shan kodin ko tiramol yake fama da taurin bayan gida, idan ya daina kuma gudawa ta kece. Wannan mataki yakan fara cikin kwana ɗaya, ya yi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3, ya lafa cikin mako ɗaya ko kwana 10. Ka wuce shi kai kaɗai ba tare da taimakon kowa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko da yake da ka tambaye ni tun farko da na ce ka bari likita ya rage maka a hankali.

Matakin da kake ciki yanzu shi ne na biyu, wanda ba a cika ba da labarinsa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke komawa. Guraben miyu ba su gama farfaɗowa ba, don haka ɗan abin da jiki ke fitarwa idan ka ci abinci ko ka yi wasa da yarinya bai isa ya motsa su yadda ya saba ba. A ɗaya gefen kuma dainofin, wanda ke aiki ta gurbin kappa, ba daɗi yake kawowa ba, ƙunci da rashin walwala yake jawowa, kuma binciken da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana ƙaruwa bayan doguwar mu'amala da ƙwaya da kuma lokacin damuwa. Ga kuma serotonin da ƙwaƙwalwa ta saba samu da yawa, yanzu an yanke mata. Har ciwon ƙafar ma ba ya rasa nasaba da wannan, domin daɗewa a kan irin waɗannan magunguna yana iya sa jijiyoyi su ƙara saurin jin zafi. Wannan mataki yakan ɗauki makonni zuwa watanni, kuma barci da walwala su ne sukan makara wajen dawowa. Sauƙin ba ya zuwa a miƙe. Za ka samu rana mai kyau, sannan kwana biyu marasa daɗi su biyo, kada hakan ya sa ka ce aikin banza kake yi. Mako 6 bayan shekara 3 farkon hanya ne.

Game da sha'anin iyali, daɗewa a kan irin waɗannan ƙwayoyi yana danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa domin a samar da sinadarin mazakuta mai suna testosteron, sai sha'awa ta ragu, kuzari ya ragu. Maza da yawa suna shan tiramol ne da nufin daɗewa a shimfiɗa, amma ƙarshensa sha'awar gaba ɗaya yake kashewa. Yawanci wannan yana gyaruwa bayan an daina, kuma likita yana iya auna jini idan abin ya daɗe. Kada ka nemi maganin ƙarfin maza a hannun masu talla, domin ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. Babban abin da nake so ka yi a nan shi ne ka gaya wa matarka gaskiya. Na san da nauyi, kuma na san kana tsoron ta kai maganar gidansu. Amma ka duba halin da ka bar ta: tana kwana tana tunanin ko ta daina burge ka, ko wani ya yi muku asiri, wataƙila ma ta fara kashe ɗan abin hannunta wajen neman karya sammun da babu shi. Ka zaɓi lokacin da yarinya ta yi barci, ka fara mata daga karayar da ta sani, ka gaya mata yadda maganin ya kama ka, da yadda ka daina, da abin da na bayyana maka. Idan kana ganin ba za ka iya kai kaɗai ba, ka nemi wani babba mai rufin asiri wanda ku biyu kuke ganin girmansa. Za ta iya yin fushi da farko, kuma tana da haƙƙin yin haka. Amma kana buƙatar mutum a cikin gida wanda ya san abin da kake fama da shi.

Shawarar abokinka kuwa, ko da da kyakkyawar niyya ya ba ka, ita ce mafi haɗari a cikin duk abin da ka rubuto. Rabin zai yi maka daɗi, wannan gaskiya ne, kuma a nan matsalar take, domin ƙwaƙwalwa za ta tuna hanya mafi sauri, farfaɗowar guraben ta tsaya, rabi ya koma ɗaya cikin 'yan kwanaki. Akwai kuma abin da ya fi wannan muni. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wurin da ke tafiyar da numfashi, kuma cike yake da guraben miyu. Jurewar da jikinka ya gina a shekara 3 ta ragu sosai a mako 6, don haka adadin da ka saba sha da, yanzu yana iya rage maka numfashi ko ya tsayar da shi, musamman idan an haɗa da rafanol ko wani maganin barci ko giya. Mutane da yawa da ƙwaya ta kashe, ta kashe su ne bayan sun daina na ɗan lokaci suka koma. Ban da haka, abin da ake sayarwa a ɓoye yanzu ba lallai ne ya zama tiramol ba. Bayan Indiya ta tsaurara dokar tiramadol a 2018, an riƙa shigo da wasu ƙwayoyi Afirka ta Yamma masu ɗauke da tafentadol, wanda shi ma maganin kashe ciwo ne dangin tiramol, haɗe da wani maganin sassauta tsoka, har a 2025 gwamnatin Indiya ta hana yin wannan haɗi. Kai kuma da ka riga ka faɗi sau ɗaya, ba ka da hujjar sake gwadawa.

Ina so ka je asibiti cikin makon nan, ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa. A Kano akwai wannan sashe a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Masu karatu da ke wasu wurare suna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, kuma hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara ga masu son dainawa. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin mutum ya haukace. Dalilin da ya sa na dage shi ne, ciwon damuwa mai tsanani yana iya fakewa a bayan wannan hali, wani lokaci ma tun kafin ƙwayar yana nan ita ce ta rufe shi, kuma yana da magani wanda ba ya bugarwa. Likita ne zai iya bambance su, shi ne kuma zai duba maganar barci da ta faɗuwar da ka yi, ya gaya maka ko ya dace ka ci gaba da ɗaukar fasinja a yanzu. Idan har ka fara jin cewa rayuwa ba ta da amfani, ko tunanin halaka kanka ya fara zuwa maka, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka gaya wa wani na kusa ku tafi a ranar. Kada kuma kunya ta hana ka, domin binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun yi amfani da magunguna irin su tiramol da kodin ba bisa umarnin likita ba cikin shekara ɗaya. Likitocin nan suna ganin irinka kullum. Idan wani a dangi ya kawo shawarar gidan mari, ka ƙi da ladabi. Sarƙa da duka ba sa gyara gurbin miyu, sai dai su ƙara damuwar da ke tura mutum ga ƙwaya. Addu'a da neman magani kuwa ba sa karo da juna, tunda ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da ya saukar da maganinta.

Ƙafar ma a sake duba ta. Asibitin ƙashi na Dala yana kusa da kai, a ɗauki hoto a ga yadda ƙashin ya haɗe, domin ka yi shekaru kana taka ta ba tare da jin gargaɗin da take yi maka ba. Gashin ƙashi da motsa gaɓa a hannun ƙwararru suna taimakawa sosai, kuma akwai magungunan ciwo da ba sa cikin wannan dangi. Daga yau duk likita ko mai kyamis da zai ba ka magani, ka gaya masa tarihinka tun kafin ya rubuta, domin kada a ba ka kodin ko allurar fenta, su ma ta gurabe ɗaya suke bi.

Akwai kuma abin da ke hannunka a kullum. Motsa jiki yana sa a saki waɗannan sinadarai, kuma a 2008 masu bincike a Jamus sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar 'yan gudun dogon zango suka ga alamar haka bayan gudu. Kai ba gudu za ka yi ba, tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 bayan sallar asuba, gwargwadon abin da ƙafar za ta ɗauka, ta ishe ka farawa, kuma hasken safiya yana taimaka wa barcin dare. Robin Dunbar na jami'ar Oksfod da abokan aikinsa sun nuna cewa mutanen da suka yi dariya tare sukan fi jure ciwo bayan nan, kuma an ga irin haka ga masu motsi tare a kan kiɗa ko aiki ɗaya. Saboda haka kaɗaici ba abokinka ba ne a wannan lokaci. Ka riƙa zuwa jam'i, ka zauna majalisar da ba a shan komai a cikinta, ka ci abinci a kwano ɗaya da mutane, ka ɗauki 'yarka ka goya ta a kafaɗa ko da ba ka jin komai. Kada ka jira sai sha'awar yin waɗannan abubuwa ta zo, domin a irin halinka yi ne yake fara zuwa, jin daɗin ya biyo daga baya. Waɗannan ba za su maye gurbin likita ba, kuma a makonnin farko ba za ka ga wani babban canji ba.

Ka rage shan shayi mai ƙarfi da goro da lemon ƙara kuzari daga la'asar zuwa dare, ka kuma rage awannin tuƙi ko da kuɗin shiga zai ragu, domin jikin da ya saba aiki daga asuba zuwa dare da ƙwaya ba zai iya haka ba tare da ita ba, kuma gajiya mai tsanani tana cikin manyan abubuwan da ke mayar da direba ga kyamis. Idan da hali ka canza tashar da kake tsayawa da layin da mai sayar maka yake, domin ganin wurin kaɗai yana tayar da kwaɗayi kafin ka ankara. Kwaɗayin yakan taso da ƙarfi, ya kai ƙololuwa, sannan ya sauka idan ba a biya masa ba, saboda haka idan ya zo ka bar wurin da kake, ka kira wanda ya san halinka, ka yi magana da shi har ya lafa. Shi kuma abokin naka, ka gaya masa a fili cewa ka daina kuma kada ya sake kawo maka maganar, idan ya ci gaba ka nisance shi. Ranar da za ka je asibiti ka tafi da matarka ko wani ɗan uwa, ka gaya wa likita ainihin adadin da kake sha, da tsawon lokacin, da ranar da ka daina, da duk wani abu da ka taɓa haɗawa da shi, ba tare da ka rage komai ba, domin a kan wannan bayani zai tsara maka magani.